Takunkumin Aro

Shekarar da aka rufe lakwal, wato makaranta, saboda korona, na tattara kayana daga Madawa na koma ƙauyenmu da ke karkarar Bangi, wurin Inna. Ni malamar aji ce, ba tela ba. Amma ina da keken ɗinki na hannu, irin wanda ake juya mariƙinsa, kuma ina da uwa mai fuka. Su biyun nan ne suka hana ni sakat har wata uku.

Fukar Inna ta girme ni. Hayaƙin kara yana tashe ta, ƙaiƙayin sussuka yana tashe ta, ko turaren ɗakin amarya ta shaƙa sai ta kwana biyu ƙirjinta na kuka kamar zugazugin maƙeri. Saboda haka duk lokacin da rediyo ya ce cutar nan ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon ƙirji, ji nake kamar da Inna kaɗai yake. Abu guda na ƙudura tun daga Madawa: cutar nan ba za ta kai ga ƙirjin uwata ba, ko da zan ɓata da gari gaba ɗaya. Na kuwa kusa ɓatawar.

Ranar da na sauka na kafa doka. Bokiti da sabuni a zaure. Ba mai shiga tsakar gida sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ba suna, ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ba zaman hira a gindin itacen bedi da hantsi kamar yadda ta saba da matan unguwa. Inna ta saurare ni har na gama, ta ce, "To, madam." Ni ce ɗiyarta ta fari, ba ta taɓa kama sunana ba tun da aka haife ni. In muna shiri "ke" take ce mini. In na ɓata mata rai sai in koma madam, yadda ƴan ajina ke kirana. A watannin nan ban ji "ke" ya fi sau biyar ba.

Kafin in baro Madawa na ga takunkumi iri-iri. Akwai shuɗin nan na farmasi mai kama da takarda, wanda ƴan boko ke ce wa babet. Yini guda ake yi da shi a jefar, kuma nan da nan ya ɓace daga kantuna. Akwai fari mai tauri, mai tudu a gaba kamar ƙoƙo, shi sai a fuskar likitoci. Akwai na telolin kasuwa, ƙyalle falle ɗaya da roba biyu, in ka ɗaga shi sama kana hango rana ta ciki. Su kuma dattawanmu masu rawani suka ja amawali suka rufe baki, suka ce su tun kakanni suke da nasu, mu ne muka makara. Wanda na yarda da shi ba ya samuwa, wanda ke samuwa ban yarda da shi ba. Sai ƙanena da ke ci-rani a Abijan ya turo mini bidiyo a waya, wata mata tana nuna yadda ake ɗinka mai falle uku. Na kalle shi har batir ya mutu, na kai caji, na dawo na ɗora daga inda na tsaya.

Fallen waje na yi shi da atamfa mai matsattsiyar saƙa, koriya mai ɗigon fari irin na zabo, ragowar ɗinkin Sallar bara. Na tsakiya daga wata rigar auduga na yanko. Na ciki, wanda zai taɓa fata, tsohon zanen Inna ne da wanki ya gama tausasawa. Roba ta ƙare a kasuwar Bangi, teloli sun kwashe, sai na yayyanka tsohuwar singileti siri-siri. In ka ja ta sai ta nannaɗe ta zama igiya mai laushi wadda ba ta cin kunne. Wajen karan hanci na zura ƴar waya da na zaro daga wani mataccen rediyo, don a lanƙwasa ta bi hanci ta zauna.

A baki abin da sauƙi. Na farko ya zame ya koma haɓa. Na biyu ya matse har kunnuwan Inna suka kifo gaba, ta duba madubi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na tsaya ina shafa mata baya ina jin haushin kaina. Na uku ban yi masa ninki ba, ya manne mata a baki, ta ce in ba so nake in riga cutar ba in cire mata shi. Kowanne na gama sai in ɗaura a fuskata, in kyasta ashana, in hura da ƙarfi. In wutar ta mutu, aikin banza na yi. Sai a na bakwai wutar ta tsaya cak, ko rawa ba ta yi ba.

Na buga ƙusa a bakin ƙofar ɗakinta na rataye shi. Na ce, "Inna, wanga naki na, ke kaɗai. In wani ya yi sallama ki sa shi. In ya tahi ki ba ni in dahe shi da sabuni in shanya a rana. Ko ni ba ni sa shi." Ta juya shi a hannu, ta yaba ɗinkin, ta ce ashe lakwal ba ta kashe mini hannu ba. Ranar na yi barcin rana mai daɗi.

A satin ne majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan da ke yankinmu, ya sa doka cewa ba mai shiga wurinsa sai da abin rufe hanci da baki. Ban ga laifinsa ba, da ni ce ma haka zan yi. Abin da ban lissafa ba shi ne, a duk unguwarmu takunkumi guda ne, kuma kowa ya san ƙusar da yake rataye.

Wata safiya na fito daga wanka na ga ƙusa tsirara.

"Inna, ina takunkuminki?"

"Ya tahi likita."

"Shi kaɗai?"

"Gwaggonki ta kai jikanta, zawo shikai."

Gwaggo ba jininmu ba ce. Maƙwabciya ce, katanga guda ta raba mu, gajeriyar katanga da ba ta wuce ƙirji ba. Shekara ɗaya aka kawo su garin nan amare ita da Inna, shekara ɗaya kusan mazansu suka rasu. Ita ta wanke ni ranar da aka haife ni. Ba irin matar da za ka yi wa tsawa ba ce, shi ya sa na juye tsawar a kan tukunyar kunu.

Da azahar takunkumi ya dawo, a ninke tsaf, da ɓarin goro a cikinsa. A wurinmu in ka ari kwano ba ka mayar da shi wayam, sai ka saka wani abu ko yaya yake. Ban taɓa zaton al'adar nan za ta bi takunkumi ba. Kafin in ƙaraso daga madafa Inna ta riga ta warware shi ta gutsiri goron tana tauna. Goron da ya yi tafiya cikin ƙyallen da ya yini a bakin wata, a cikin layin masu tari. Na fizge ƙyallen na jefa a tukunya, na tsaya a kan Inna na yi mata darasi irin wanda nake yi wa ƴan aji shida: yadda cutar ke fita da numfashi, yadda take maƙalewa a ƙyalle, yadda take shiga.

Ta bari na gama. Ta ce, "Turmi ana aro. Tsani ana aro. Zanen da anka ɗaura min ran aurena na aro na. Mace ta zo da yaro saɓe, ta ga abu rataye, mi za ni ce mata?"

"Ki ce madam ta hana."

"Ke za a zaga ko ni?"

Daga ranar takunkumin nan ya fi ni sanin hanyar likita. Ya je awon ciki. Ya je cirar haƙori a fuskar matar liman. Ya je a kan gemun wani tsoho mai tarin da ake ji tun daga bakin rijiya. Ya dawo da ƙuli-ƙuli, ya dawo da dabino biyu, ya dawo da ƙullin gishiri. Ranar da ya dawo da daddawa sau uku na dafa shi warin bai fita ba. Wata ranar kasuwa ina tsaye bakin hanya babur ya wuce ni, na ga ɗigon zabona a fuskar wani ƙato da ban taɓa gani ba. Na tsaya riƙe da kwandon albasa ina bin sa da kallo har ya sha kwana. Da na tambaya aka ce surukin wata ce, baƙo ne, ai baƙo ya fi kowa cancanta.

Na ɓoye shi ƙarƙashin matashina, ta gano. Na ɓoye shi a akwatin keken ɗinki, ta gano. Na kulle shi a jakata na tafi ɗiban ruwa, na dawo na tarar ta zauna ta ƙi cin abinci, wai na mayar da ita ɓarauniya a gidan mijinta. Ni na ba da haƙuri. Ni, wadda ke da gaskiya.

Sai na ce bari in bi ta wajen Gwaggo. Na leƙa ta katanga, na gaishe ta da kyau, na tambayi jikan, sannan na sauke murya na yi mata bayani dalla-dalla. Ta yi ta gyaɗa kai.

"Ɗiyata, ai ba mu da ƙazanta. Duk wadda ta ara sai ta ɗauraye shi kahin ta maido."

"Da sabuni?"

"Da ruwa mai kyau. Kuma jiya da matar liman ta kai shi gida, malam da kanai ya yi mai tohi. Yanzu kam ba abin da za ya kama uwarki."

Tofi. Addu'ar da ake karantawa a tofa. Na riƙe katanga da hannu biyu don kada in faɗi abin da zai sa a daina gaisawa da gidanmu. Na ce Allah ya saka wa malam da alheri, na koma na hura wuta na ɗora tukunya.

Na yi wata dabara. Na ɗinka wani ja, shi ma falle uku, na rataye shi a zaure, na shela cewa wannan na aro ne, kowa ke so ya ɗauka ya wuce, ba sai ya shigo ba. Kwana biyu ba wanda ya taɓa shi. Ɗaukar abu ba tambaya sata ce, in ji su. Sai su wuce shi a zaure, su wanke hannu a bokitina kamar mutanen kirki, su tsaya bakin ƙofar Inna su yi sallama, a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi zafi, a tambayi awaki, sannan a zo kan aro. Ita kuma ta miƙa hannu ta ciro koren. Na ce ga jan can. Ta ce ba a riƙe mai kyau a ba maƙwabci na baya.

A nan ne na yanke shawarar da na ɗauka za ta kashe maganar. In kowa na da nasa, wa zai yi aro? Na aika gida-gida kowace mace ta kawo ragowar atamfa da tsohon zane. Azumi ya kama, zafin bazara ya kai inda ko kaji ba sa fitowa daga inuwa. Na shimfiɗa tabarma a rumfa na kama juya mariƙin keke tun daga hantsi har la'asar, baki bushe, zufa na ɗiga a kan ƙyalle. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa wajen kabbara. Singiletin gidanmu suka ƙare, na shiga na maƙwabta. Waya ta ƙare, na warware wata tsohuwar fitila. Gida goma sha tara ne a unguwarmu, kowane gida na yi masa biyu, kuma kowane guda sai da na gwada shi da ashana. Inna na zaune gefe tana zare mini zare, ba ta ce komai ba sai sannu.

Na raba su da kaina. A kowace ƙofa na tsaya nesa, na nuna yadda ake lanƙwasa wayar, yadda ake kama igiya ba tsakiya ba in za a cire, yadda ake dafawa. Aka yi ta sa mini albarka. Wata ta ce kamar na kanti. Wata ta ce Allah ya ba ni miji mai haƙuri, ban san ko addu'a ce ko magana ta faɗa mini ba. Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta gama noman gandu.

Kwana uku koren na rataye a ƙusarsa. Kwana uku ba wanda ya yi sallama. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na lura Inna ta yi shiru, tana zama a tabarma tana fuskantar zaure, da buɗa-baki ta kurɓi kunu kaɗan ta ture. Na ce azumi ne, da ma na hana ta yi ta ƙi ji. Da yamma ta uku na gan ta tsaye jikin katanga suna magana ƙasa-ƙasa da Gwaggo, na ce ta ja baya taku biyu, ta ja.

Rana ta huɗu ƙusa tsirara.

Ban ko tambayi Inna ba. Na zagaya na shiga gidan Gwaggo, na karya dokata da ƙafata.

"Gwaggo, ina wanda na ɗinka miki?"

"Shina nan lahiya lau."

Ta shiga ɗaki ta sauke jeren kwalla, ta buɗe ta ƙasa, ta ɗaga zanen Sallarta. Ga shi nan a cikin leda, a ninke yadda na ba ta, har da ɗan turare a gefe.

"To don mi ba ki sa shi ba?"

"Wanga sabo na. Ai ba a kai sabo likita, wurin amai da zawo. Sai babbar rana."

Na bi gida biyar. Biyu a akwati, ɗaya a ƙarƙashin katifa, ɗaya an ba wata amarya cikin kayan ɗaki. A gida na biyar na tarar da shi manne a bango tsakanin faranti biyu, an baje shi don a ga ɗinkin. Na fito na zauna a kan wani turmi da ke kife a waje, ina duban tafin hannuna. Ban taɓa jin haushin mutane irin na ranar ba, kuma ba wanda ya zage ni, kowa da fara'a ya tarbe ni.

A gida na sauke shi duka a kan Inna. Na ce na bar ɗakina a Madawa saboda ita. Na ce na fasa hannuna saboda ita. Na ce tana ɗaukar numfashin kowane mai tari a garin nan tana ɗaurawa a hancinta, in wani abu ya same ta kada a ce ban faɗa ba. Murya ta tashi har awaki suka bar cin dusa. Ta bari na gama, kamar kullum.

Ta ce, "Madam, kin ruhe min ƙohwa, kin ruhe min baki. Mi ya rage?"

Na ce rai ya rage. Na shige ɗaki. Ina da gaskiya a ranar, har yau kuma ina da ita, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai in na tuna.

Haka muka ƙarasa azumi. Ita ta ba da aro, ni in dafa. Na koma kamar mai gadin tukunya, da na ji sallama sai in ɗora ruwa. Wani lokaci ina kama shi tun a zaure. Wani lokaci ina rijiya ko kasuwa, in dawo in tarar da shi a fuskarta, ta sa shi don ta faranta mini, bai ga sabuni ba.

Bayan Salla, da ruwan farko ya sauka, mura ta shiga gari kamar yadda take yi kowace shekara. Inna ta tashi da zazzaɓi. Kwana biyu sai numfashi. Na san fukarta kamar yadda na san muryarta, wannan ba ita ba ce. Abin fesawar da ke kwantar mata ya ƙi aiki. Da safe na nemo amalanke. Na kai hannu ƙusa, koren ba ya nan, ya tafi aro tun jiya. Na ciro jan daga zaure na kakkaɓe na ɗaura mata.

Majo ya duba ta da kyau, ya yi mata allura, ya ba da magani. Na ja shi gefe na tambaye shi ko ita ce. Ya ce ba ya iya cewa ita ce, ba ya iya cewa ba ita ba ce, sai an kai ta birni an gwada, kuma shawararsa a kai ta yau. Inna ta ji. Ta kama bakin amalanke ta ce ba mai kai ta inda ba ta san kowa ba. Na roƙa, na yi faɗa, na kira ƙanena a waya ya roƙa, ta mayar masa da tambayar ko ya ci abinci kuwa. Muka dawo gida.

Na ƙara tsananta doka. Yanzu ba ita kaɗai nake karewa ba, har su. Na sa itace na tokare ƙofar zaure. Gwaggo na leƙowa ta katanga safe da yamma, ina ba ta labari daga nesa, tana miƙo kunu ina juyewa a kwanonmu in wanke nata da ruwan zafi. Kowace safiya in na ɗaga Inna na jingina ta da bango, in ta samu numfashin magana, tambayarta guda ce.

"Yau ba wanda ya zo aro?"

Ranar farko na gyara mata matashi na fita. Ta biyu na ce, "Inna, don Allah. Kina cikin wanga hali kina zancen aro?" Ta rufe ido. A rana ta biyar ta ce, "Ke," na matso, ta riƙe hannuna ta shafa inda bororon ya warke. Washegari da hantsi ta cika. Har yau ban san ko cutar ce ko fukarta ce ta gaji ba, kuma ba mai gaya mini.

Na ce kada a taru. Wa zai ji? Bayan an kai ta, da la'asar, na ji an janye itacen zaure. Mata suka fara shigowa a jere, kowace ta tsaya ta wanke hannu a bokiti. Kowace da takunkumi a fuska. Sababbi fil, layin ninki bai ɓace ba, ƙamshin turaren akwati na tashi. Na san kowanne. Ga mai ruwan ƙasa na matar liman, ga mai ganye-ganye da na ɗinka ranar da bororo ya fashe, ga wanda aka ciro daga bango da ramin ƙusa a gefensa. Wata ta sa nata a kife, wayar a haɓa. Wata hancinta a waje. Suka cika tsakar gidan da na share wata uku ina hana su shiga, suka zauna a gindin bedi.

Ba kuka ne ya zo mini ba, haushi ne tsagwaronsa. Gwaggo ta zo ta zauna kusa da ni. Ban bari ta gama gaisuwa ba.

Na ce, "Yau kunka ga damar sa su. Yau ta babbar ranar."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro koren. An wanke shi, wannan karon da sabuni, ina jin ƙamshin. A ninke yake, da goro guda cikakke a ciki. Ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Ɗiyata, ba wauta ta hana mu sa su ba. Da kinka raba, kwana uku, uwarki ta kira ni bakin katanga. Tac ce in gaya ma mata kowa ta aje nata, a ci gaba da zuwa aro wurinta."

Na dube ta.

"Tac ce tun da kinka zo ba mai taka ƙohwarta sai mai aro. In kowa ya samu nashi, wa za ta gani? Tac ce ko muryar mutum ta ji daga bakin ƙohwa ya ishe ta yini." Gwaggo ta share ido da bayan hannu. "Mun san kina da gaskiya. Amma ta roƙa. Mi za mu ce mata?"

Na tuna yammar da na gan su jikin katanga na ce ta ja baya taku biyu. Rediyon da na yi ta kafa hujja da shi, shi ne ya ce a fili, in an ba da tazara, ana iya zama a gaisa. Na ji da kunnena. Tabarma biyu kawai abin ke so, ɗaya a gindin bedi, ɗaya a bakin rumfa, kowa da takunkuminsa. Na ɗinka falle uku sau arba'in, na gwada kowanne da ashana, ban taɓa tunanin shimfiɗa tabarma biyu ba. Ita kuma, mai taurin kan nan, da ta gaya mini a fili maimakon ta bi ta katanga. Ko ta gaya mini ɗin ne, na ce mata rai ya rage na shige ɗaki.

Na warware koren na ɗauki goron. Ban san abin da zan yi da shi ba, sai na fasa shi biyu na miƙa wa Gwaggo ɓari. Ta karɓa, ta kama sabon takunkuminta ta tsakiya, daidai inda na ce kada a taɓa, ta ja shi ƙasan haɓa ta gutsira. Na buɗe baki zan yi magana, sai na juya na dubi ƙofar ɗakin Inna. Ba sauran wanda nake karewa. Na sauke wanda ke fuskata ni ma na ci goron.